"Tsakanina da Allah Ne": Mafakar Masu Gudun Ba da Lissafi

A taron ƙarshen shekara na wata majami'a da na daɗe ina sujada a cikinta, ma'aji ya karanta rahoton kuɗi cikin abin da bai kai minti uku ba. Ya faɗi jimillar abin da ya shigo, ya faɗi jimillar abin da ya fita, ya ce akwai ɗan saura a banki, ya zauna. Sai wata gwauruwa, malamar firamare da ta kusa ritaya, ta ɗaga hannu. Ta rusuna ta gai da dattawa, sannan ta tambaya ina aka kwana game da kuɗin rufin sabon gini, waɗanda aka tara a bikin godiya na bara aka sake tarawa a na bana, ga shi har yanzu ruwan sama yana dukan katako. Wuri ya yi tsit. Can wani dattijo ya miƙe ya ce, "Mama, aikin Allah ba a yi masa bincike irin na ofis. Duk wanda ya ci, tsakaninsa da Allah ne." Jama'a suka ce amin, aka ta da waƙa, aka rufe da addu'a.

Ina zaune a benci na huɗu. Ɗan jarida ne ni, ana biya na albashi don in tsare kwamishina da tambaya, amma ran nan ban ce uffan ba. Shirun nan nawa ya fi maganar dattijon damuna har yau, domin shi ya gaskata abin da ya faɗa, ni kuwa na san ba haka Littafi Mai Tsarki ya koyar ba.

Maganar tana da kamannin ibada, shi ya sa take da wuyar ja. Gaskiya ne kowa zai tsaya a gaban Mahaliccinsa ya faɗi abin da ya yi da ransa. Bulus ya tabbatar da haka a Romawa 14, babu kuma Kirista mai musun sa. Sai dai mai karatu ya lura da bakin da maganar ke fitowa. Ban taɓa jin wanda ke bin bashi ya fara da cewa "tsakaninka da Allah ne" ba, sai bayan ya gaji da sintiri. Kullum wanda jakar ke hannunsa ne yake saurin tuna mana da ranar shari'a, domin ranar tana da nisa, mai tambaya kuwa ga shi a tsaye. Muna son zancen amana, muna yi wa yara wa'azi a kanta, amma amana rabin magana ce. Ɗaya rabin shi ne ka dawo ka nuna wa mai ita yadda ka yi da ita, wato ba da lissafi. Abin da nake so in kafa a wannan rubutu shi ne, a cikin Littafi Mai Tsarki, waɗanda suka fi kowa tsoron Allah su ne suka fi kowa miƙa kansu ga binciken mutane, kuma ba su jira an tambaye su ba.

A fara da Musa. Mutumin da ya yi kwana 40 a kan dutsen Sina'i, wanda ya sauko fuskarsa tana annuri, in akwai mai ikon cewa "tsakanina da Allah ne", to shi ne. Amma da aka gama aikin alfarwa ta sujada, Fitowa 38 ta jera lissafin kayan da jama'a suka bayar dalla-dalla: zinariya talanti 29 da shekel 730, azurfa talanti 100 da shekel 1,775, tagulla talanti 70 da shekel 2,400. Har an faɗi inda shekel 1,775 ɗin nan suka shiga, wato maratayan ginshiƙai da adonsu. Kuma Lawiyawa ne suka yi ƙididdigar ƙarƙashin Itamar ɗan Haruna, Musa bai riƙe alƙalami ya rubuta wa kansa shaida ba. Sura biyu kafin nan, ma'aikata sun je sun gaya masa kayan da ake kawowa sun wuce bukata, ya sa aka yi shela a daina kawowa. Yaushe rabon da mai karatu ya ji an hau mumbari an ce kuɗin gini sun isa, kowa ya riƙe abinsa?

Labarin Ezra ya fi burge ni. Zai taso daga ƙasar Babila zuwa Urushalima da dukiya mai yawa ta Haikali, azurfa kaɗai talanti 650, ga hanya cike da 'yan fashi. Ya ji kunyar roƙon sarki ya ba shi sojojin rakiya, domin ya riga ya gaya wa sarkin cewa Allah yana kiyaye masu neman sa. Sai ya kira azumi a bakin kogin Ahawa. Ke nan a kan 'yan fashi ya dogara ga Allah ɗungurungum. Amma da aka zo kan kuɗi, sai ya ware manyan firistoci 12, ya auna musu komai a ma'auni kafin a tashi. Da suka isa suka huta kwana uku, a rana ta huɗu aka sake aunawa a Haikali a gaban wasu mutane dabam, aka rubuta nauyin. Babu wanda ya ce Ezra ya raina firistoci, su ma ba su yi fushi sun ce ana zarginsu da sata ba. Mu kuwa mun juya abin: muna ɗaukar 'yan banga su tsare ƙofar majami'a, wanda ba laifi ba ne a zamanin da muke ciki, amma jakar baiko mun bar wa bangaskiya.

Bulus ma haka. Ya yi shekaru yana tara gudunmawa daga ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya domin matalautan Urushalima. Manzo ne, shi ya kafa yawancin ikilisiyoyin, amma bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. A 1 Korintiyawa 16 ya ce su zaɓi mutanen da suka amince da su su kai. A 2 Korintiyawa 8 ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa wanda ikilisiyoyi da kansu suka zaɓa, ya kuma bayyana dalili: ba ya son kowa ya sami abin zargi, domin yana so abin ya zama daidai a idon Ubangiji, ya kuma zama daidai a idon mutane. Wannan "idon mutane" shi ne dattijonmu ya soke da kalma ɗaya. Ga kuma Sama'ila, wanda da ya tsufa ya tara Isra'ila duka ya ce duk wanda ya taɓa ƙwace wa sa ko jaki, ko ya zalunta, ko ya karɓi hanci a hannunsa, ya fito ya faɗa, zai biya. Ya yi haka ne bayan dattawan ƙasa sun gaya masa ido da ido cewa 'ya'yansa da ya naɗa alƙalai a Biyer-sheba ba sa bin sawunsa. Bai la'ance su don sun faɗa ba.

Akwai aya ɗaya da masu gudun lissafi za su iya riƙewa, gara in kawo ta da kaina. A 2 Sarakuna 12 an ce ba a nemi lissafi daga mutanen da ke biyan masu gyaran Haikali ba, saboda amintattu ne. To, amma a karanta surar daga farko. Sarki Yowash ya bar kuɗin gyara a hannun firistoci, har shekara ta 23 ta sarautarsa ba a gyara ko tsaga ɗaya ba. Sai ya kira su ya tuhume su, aka karɓe aikin daga hannunsu. Yehoyada firist ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade, in ya cika kuma mutum biyu ke ƙirgawa, magatakardan sarki da babban firist. Amincin da aka yaba ya zo ne bayan an ga gini yana tashi. Wanda ya tara kuɗin rufi sau biyu katako na ruɓewa, farkon surar ne ya shafe shi.

In wani yana ganin tsarkin wuri yana hana hannu zurewa, ya tuna wanda ke riƙe da jakar almajirai. Yahaya 12 ta ce Yahuza yana ɗiba daga ciki, kuma shi ne ya fi kowa iya zancen matalauta ranar da Maryamu ta zuba turare mai tsada. Jakar da ke tafiya tare da Yesu da kansa an zura mata hannu. Ban san wace jaka ce a majami'unmu ta fi wannan tsarki ba.

In tambayar ta wuce ma'aji ta doshi fasto, sai a jawo wata garkuwar, wato ayar nan ta Zabura 105 da ke gargaɗi kan taɓa shafaffu na Ubangiji. Na ji an karanta ta a kan matashin da ya tambayi dalilin da ya sa motar ikilisiya take da rajista da sunan mutum ɗaya. Duk wanda ya karanta zaburar daga sama zai ga zancen Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake yi, lokacin da suke 'yan kaɗan, baƙi masu yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma sarakuna ne aka tsawata wa kada su cuce su. Aya ce da ke kare marasa ƙarfi daga masu iko, mu kuma mun mai da ita sandar da mai iko ke dukan mai tambaya. Dawuda da ake misali da shi, gaskiya ne ya ƙi kashe Saul a kogon En-gedi. Amma da Saul ya fita, ya bi shi a baya ya ɗaga murya, ya nuna masa ƙyallen rigarsa da ya yanka, ya gaya masa a gaban sojojinsa cewa yana farautar marar laifi. Kisa ya ƙi, bai ƙi faɗar gaskiya ba. Shi kansa Dawuda, shafaffen sarki, da ya ɗauke matar Uriya ya sa aka kashe mijin, Natan ya shiga har fada ya ba shi labarin attajirin da ya yanka 'yar tunkiyar matalauci, ya bar shi ya yanke hukunci da bakinsa, sannan ya nuna shi da yatsa. Bulus ya tsaya wa Bitrus a Antakiya a gaban jama'a lokacin da ya janye daga cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba, har ya rubuta labarin a wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, muna karantawa bayan kusan shekara 2,000. A 1 Timoti 5 kuwa an ce kada a saurari ƙara a kan dattijon ikilisiya sai da shaidu biyu ko uku, aya ta gaba kuma ta ce wanda ya ci gaba da zunubi a tsawata masa a gaban kowa. Rabin farko mun haddace shi sarai.

Kada a ce ba mu san horo ba. Mun san shi ƙwarai, sai dai mun san wanda muke yi wa. Yarinya 'yar shekara 17 ta yi ciki, a kira sunanta ranar Lahadi, a mai da ita bencin baya, a hana ta Jibin Ubangiji na watanni, uwarta ta riƙa tafiya kai a sunkuye. Wanda ya yi mata cikin sau da yawa ya koma wani gari yana rera waƙa a ƙungiyar mawaƙa. A wannan Lahadin kuma, ma'aikacin gwamnati wanda kowa ya san albashinsa, kowa kuma ya ga benen da ya dasa cikin shekara biyu, shi ne babban mai ƙaddamarwa a asusun gini, ana yi masa tafi yana faɗin adadi a lasifika. Ba na neman a soke horon ikilisiya. Yana cikin Littafi, an kuma yi shi ne domin a maido da wanda ya faɗi. Amma horon da ke ganin ciki don ya fito fili, ya kasa ganin bene, ya zama abin da Yakubu ya tsawata a sura ta biyu ta wasiƙarsa, inda ake ba mai zoben zinariya kujera mai kyau a ce wa matalauci ya tsaya can. Matasa suna kallo, suna kuma fahimtar darasin: laifin da ake hukuntawa shi ne wanda ba ka da kuɗin rufewa.

Abin takaicin shi ne ba tsari muka rasa ba. Ikilisiyoyin da suka fito daga aikin mishan a Arewa, irin su ECWA da ta tsaya da ƙafarta a 1954 daga SIM, da COCIN, da EYN, da HEKAN, an gina su a kan majalisar dattawa, da ma'aji dabam da fasto, da matakan majalisu da ke sa ido a kan na ƙasa da su. Wannan gado ne mai daraja, ya kuma fi tsarin majami'ar mutum ɗaya inda wanda ya kafa shi ne shugaba, matarsa ma'aji, ƙaninsa sakatare. Sai dai tsari a takarda ba ya tambaya da kansa, sai an sami bakin da zai yi. Inda na ga abin yana aiki ba fashi shi ne a Zumuntar Mata. Mahaifiyata ta yi shekaru tana ma'ajiyarsu a ƙauyenmu, da karatunta na aji huɗu. Ba ta taɓa ƙirga kuɗi ita kaɗai ba. A kan tabarma ake zubewa a gaban mata biyu, a faɗi adadi da ƙarfi, a rubuta a littafin makaranta mai falle 40, a ƙulle a ɗankwali. In naira 50 ta ɓace ba a tashi sai an gano inda ta shiga. Mu masu digiri da kwamfuta mun kasa abin da suke yi da biro.

Amma in na tsaya a kan kuɗin majami'a na yi wa kaina sauƙi, domin yawancinmu ba ma'aji ba ne. Da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yahaya Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi, bai ce su ƙara azumi ba. Ya ce wa na farko kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, ya ce wa na biyu su bar ƙwace da ƙazafi, su ƙoshi da albashinsu. Wurin aikinsu ya kai tubansu. A yau sai ka ga ɗan'uwa ya iso ofis ƙarfe goma ya rubuta takwas a rajista, da azahar kuma shi ke jagorantar addu'ar ma'aikata. Ma'aikaciyar jinya ta sayar da maganin da aka ce kyauta ne, ta cire ushiri daga ribar. Malamin jami'a ya riƙe sakamakon ɗalibai wata shida, in an yi magana ya ce Allah ne shaidarsa. Allah shaida ne, amma shugaban sashe ma yana da hakkin ya ji dalili, ɗaliban kuma sun fi kowa hakki.

Ga bashi. Babu abin da ya kashe zumunci a tsakanin masu bi kamar rancen da aka karɓa da sunan "ɗan'uwa cikin Almasihu". Ranar karɓa ana kuka ana ambaton ƙauna, ranar biya kuwa mai bin bashin ne ke zama marar ƙauna don ya tuna. A adashin 'yan majami'a akwai wanda zai roƙi kwasar farko saboda matsala, daga nan zubinsa ya zama sai an bi shi gida. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana aikin gida, ana cewa ana ajiye mata kuɗinta, ta yi shekara uku ba ta ga rubutun ko sisi ba, alhali Shari'ar Musa ta ce a biya ɗan ƙodago kafin rana ta faɗi. Kuma a cikin gida, mata nawa ne ba su san albashin mazajensu ba, ba su san filin da aka saya ko bashin da aka ci ba, sai ranar makoki masu bin bashi su yi layi? An ɗaura aure an ce sun zama jiki ɗaya, amma lambar sirrin waya ta fi ƙarfin wannan ɗayantaka.

Irin tuban da muka saba da shi yana taimaka wa wannan hali. A taron farkawa mutum ya fito gaba ya yi hawaye, a ɗora masa hannu, ya koma ya zauna da kayan mutane a gidansa. Littafin Firistoci sura 6 ya ce wanda ya ci amanar ajiya ko ya zambaci maƙwabcinsa ya mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, a ranar da zai kawo hadayarsa. Yesu a Matiyu 5 ya ce in ka tuna ɗan'uwanka yana da ƙara a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, ya yi alkawarin rabin dukiyarsa ga matalauta da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta, a nan ne Yesu ya ce ceto ya shigo gidan. Gafarar Allah kyauta ce, ban musa ba. Amma kuɗin marayun da ke asusunka ba naka ba ne kafin ka tuba, ba su kuma zama naka don ka tuba ba.

Sau biyu a 'yan shekarun nan gwamnatin Najeriya ta taɓo wannan batu, sau biyu muka yi ca. A Janairun 2017 wata ƙa'ida ta hukumar kula da rahoton kuɗi, wadda ta ƙayyade wa shugabannin ƙungiyoyin da ba na riba ba wa'adin shekara 20, ta sa Fasto Enoch Adeboye ya naɗa wani ya shugabanci cocin Redeemed a Najeriya. Cikin 'yan kwanaki aka dakatar da ƙa'idar, aka sallami shugaban hukumar, Jim Obazee. A Agustan 2020 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, wadda sashenta na 839 ya ba hukumar rajistar kamfanoni damar dakatar da amintattun ƙungiya in an sami almundahana, ƙungiyar CAN kuma ta yi fatali da shi. Na fahimci tsoron. Kiristan Arewa da ya san wahalar samun takardar fili don gina majami'a yana da dalilin ƙin miƙa wa jami'in gwamnati mabuɗin ikilisiyarsa, kuma gwamnatin da ba ta iya ba da lissafin kanta ba ba ta da bakin koya wa kowa. Amma da muka ce gwamnati ta cire hannu, me muka ajiye a gurbin? Da mun ce za mu binciki kanmu fiye da yadda doka za ta yi, mu liƙa rahotonmu a bango kowa ya gani, da hujjarmu ta yi ƙarfi. A Amurka, bayan badaƙaloli sun zubar da mutuncin masu wa'azi, ƙungiyoyin bishara sun kafa majalisar sa ido kan kuɗinsu a 1979, suka ɗora wa kansu binciken akantoci na waje. Mu mun yi nasarar korar mai bincike, muka koma rahoton minti uku.

Na san abin da za a ce: wannan hanya ce ta buɗe ƙofar gulma da tonon asiri, a zamanin da kowa ke da Facebook a tafin hannu. Damuwar tana da tushe. Na ga an kashe sunan bawan Allah da hoton takarda ɗaya wadda ba a san asalinta ba, kuma wanda ya fara kai ƙarar ɗan'uwansa intanet kafin ya taka ƙofar gidansa ya saɓa wa Littafi kamar yadda mai rufe ɓarna ya saɓa. Matiyu 18 ta shimfiɗa matakai: ka same shi ku biyu, in ya ƙi ka koma da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai gaban ikilisiya. Rufin asirin da al'adarmu ke daraja yana nan a matakin farko, an ba mutum dama ya gyara ba tare da duniya ta ji ba. Kuskurenmu shi ne mun mai da matakin farko kabari, magana ta shiga ba ta fitowa, a ce a bar kaza cikin gashinta. Akwai kuma abin da ba na sulhun ɗaki ba ne sam. Wanda ya lalata yarinya ƙarama, ko malamin makarantar Lahadi ne ko fasto, wurin 'yan sanda ya nufa, domin Romawa 13 ta ce hukuma ma'aikaciyar Allah ce don hukunta mai mugunta. Sauya masa majami'a a asirce miƙa masa sababbin yara ne.

Game da masu cewa tambaya tana raba kan ikilisiya, su duba Ayyukan Manzanni 6. Masu bi da ke jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce ruhun tawaye ya shigo ba. Sun tara jama'a, suka ce su zaɓi mutum bakwai da kansu a danƙa musu aikin, kuma duka bakwai ɗin, su Istifanas da Filibus, sunayen Helenanci gare su, alamar daga ɓangaren masu ƙorafin aka ɗebo su. Bayan haka aka ce masu bi suka ƙaru ƙwarai. Ƙorafi a kan hakkin gwauraye ne ya haifi wannan tsari. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba, sai a kunnen wanda ya san abin da ke cikin kayan.

Laifi tudu ne, don haka bari in sauko daga kan nawa. A aikinmu na jarida akwai ambulan da ake miƙawa bayan taron manema labarai, ana kiran sa kuɗin mota. Na karɓa ba sau ɗaya ba. Na gaya wa kaina ba zai canza abin da zan rubuta ba, kuma Allah ya san zuciyata, wato dai tsakanina da Allah ne. Edita bai sani ba, masu karatu ba su sani ba, matata ma adadin da na ga dama na gaya mata. Da na koma na duba labaran da na rubuta a kan waɗanda suka ba ni, ban sami ƙarya a ciki ba, amma na ga tambayoyin da ban yi ba. Ina jin wannan ne ya ɗaure mini harshe a benci na huɗu. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Abin da ya raba ni da ambulan shi ne wani abokin aiki da na ba izini ya riƙa tambaya ta kai tsaye duk ƙarshen wata, na kuma yi masa alkawarin ba zan yi fushi ba. Na yi fushin sau biyu. Ya ci gaba da tambaya.

Abin da nake nema a majami'armu bai kai na Ezra wahala ba. Mutum biyu waɗanda ba dangi ba su ƙirga baiko su sa hannu, a kai banki ranar Litinin, kada mutum ɗaya ya iya cire kuɗi shi kaɗai ko da shi ne fasto, kuma kowane kuɗin da aka tara don wani aiki a faɗi abin da aka saya da shi da farashinsa. An rufa ginin nan daga baya, bayan tari na uku, ba a kuma taɓa bayyana inda na farko da na biyu suka shiga ba. Malamar tana zuwa sujada, amma ta daina tsayawa taron shekara. Taron bana a Disamba ne. Na rubuta wa sakatare takarda ina roƙon a raba wa membobi kwafin rahoton kuɗi mako biyu kafin ranar, tare da takardar banki. Bai amsa ba tukuna, amma ya sa hannu a kwafina cewa ya karɓa.